Rajistar Tambarin Kasuwanci: Inda Takardun 'Yan Kasuwa Ke Maƙalewa Da Yadda Za A Tsallake

Duk wanda ya ratsa kasuwar Singa ko ta Sabon Gari a Kano, ko Babbar Kasuwar Kaduna, zai ga yadda sunaye suka cika ko'ina. Yaji a robobi, ruwan leda, garin kunu, sabulu, humra da turaren wuta, kowane da sunansa da hotonsa a jiki. Wasu sunayen sun yi shekaru suna tashe, har ta kai mai saye ba ya tambayar kayan sai ya ambaci sunan. Amma da za a tambayi masu kayan takardar da ke nuna sunan nasu ne a gaban doka, da dama za su miƙo takardar Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC, suna ganin sun gama. Alhali takardar CAC daban, rajistar tambari daban.

Ruɗanin nan na cikin abubuwan da ke jawo wa ƙananan 'yan kasuwa asarar sunan da suka sha wahalar ginawa. Waɗanda kuma suka gane bambancin suka nemi rajista, wasu ana mayar musu da takardunsu, wasu takardun na kwanciya shekara da shekaru ba labari. Mafi yawan dalilan da ke kawo haka abubuwa ne da dokar ta fayyace tun tuni, kuma ana iya kauce musu tun kafin a kashe ko sisi.

Takardar CAC ba ta kare suna a kan kaya

Aikin CAC shi ne yi wa kamfani ko sunan kasuwanci rajista domin ya zama sananne a hukumance, ya buɗe asusun banki, ya ƙulla yarjejeniya. Tambari kuwa shi ne kalma, hoto, ko alamar da ake liƙa wa kaya domin mai saye ya bambanta su da na wani. Ofishin da ke yi masa rajista shi ne Ofishin Rajistar Tambura da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja, kuma yana aiki ne da Dokar Tambura ta 1965.

Abin da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya riƙe shi ne, a tsarin Najeriya wanda ya riga shigar da takarda shi ke kan gaba. A ɗauka wata baiwar Allah ta yi shekara 8 tana sayar da yaji da wani suna, ta tara masu saye daga Kano har Fatakwal ta hanyar Instagram da WhatsApp. Idan wani ya rigaye ta kai wannan suna Abuja aka yi masa rajista, shi ne ke riƙe da takarda, ita ce kuma za ta koma tana neman hujja. Dokar ba ta rufe mata ƙofa gaba ɗaya ba, domin tana iya kai ƙara cewa wani na sayar da kayansa da sunan nata don yaudarar jama'a. Sai dai a irin wannan shari'a nauyin yana wuyanta: sai ta tabbatar wa kotu cewa jama'a sun san ta da sunan, an ruɗe su, kuma ta yi asara. Mai takardar rajista kuwa satifiket ɗinsa ne babbar hujjarsa a Babbar Kotun Tarayya.

Akwai kuma wani dalili na kusa. Mai sarrafa abinci, abin sha, magani ko kayan kwalliya da zai nemi lambar NAFDAC, hukumar kan buƙaci shaidar cewa ya shigar da tambarinsa. Wanda ya buga leda da kwali na miliyoyin naira, sannan ya gano sunan na wani ne, ya yi asara biyu.

Matakan da takarda ke bi

Rajistar na tafiya ne mataki-mataki. Na farko bincike a kundin ofishin domin a ga ko akwai mai irin sunan. Na biyu shigar da takarda, inda ake ba mai nema takardar shaidar karɓa mai ɗauke da lamba da kwanan wata. Na uku jami'ai su duba tambarin, idan ya cika sharuɗɗa su ba da takardar amincewa, idan bai cika ba su ƙi. Na huɗu a buga shi a Mujallar Tambura, a ba jama'a wata 2 ko akwai mai ƙalubalanta. Idan ba wanda ya fito, ko ya fito bai yi nasara ba, sai mataki na biyar, wato bayar da satifiket. Rajistar farko na ɗaukar shekara 7, daga nan ana sabunta ta duk bayan shekara 14.

A nan ma akwai tarko. Mutane da yawa na ɗaukar takardar shaidar karɓa, ko ta amincewa, a matsayin satifiket. Ba su ba ne. Takardar karɓa tana cewa ne kawai ofis ya ga takardarka. Ta amincewa kuma tana cewa jami'in dubawa bai ga matsala ba, amma har yanzu wani na iya fitowa ya ce bai yarda ba. Don haka duk wakilin da ya kawo wa ɗan kasuwa ɗaya daga cikin biyun ya ce aiki ya ƙare, bai gaya masa gaskiya ba. Haka nan, manna alamar ® a jikin kaya kafin satifiket ya fito laifi ne a dokar.

Sunan da ke bayyana kaya ba ya shiga

Babban shingen da takardu ke karo da shi shi ne sunan da kansa. Sashe na 9 na dokar ya jero irin tamburan da ake karɓa: kalmar da aka ƙirƙiro, sa hannun mai nema, sunan mutum ko kamfani da aka zana ta wata siga ta musamman, ko kalmar da ba ta nuni kai tsaye ga yanayi ko ingancin kayan, matuƙar a ma'anarta ta yau da kullum ba sunan wuri ba ce ko sunan dangi.

A nan al'adar sa suna ta 'yan kasuwa ke cin karo da doka. Ɗan kasuwa na son sunan da zai yabi kayansa: mai daɗi, mai inganci, na asali, garanti. Ko kuma ya haɗa sunan kayan da na garinsu. Amma hikimar dokar mai sauƙi ce. Idan aka ba mutum ɗaya ikon mallakar kalmar "mai daɗi" a kan kilishi, an hana sauran masu kilishi faɗin gaskiya game da nasu. Idan aka ba wani sunan Kano a kan takalma, an tauye dubban dukawan birnin. Shi ya sa irin waɗannan sunaye ko dai a ƙi su, ko a karɓe su bisa sharaɗin cewa mai su ba shi da ikon hana kowa amfani da kalmar ita kaɗai.

Sunayen da suka fi ƙarfi su ne waɗanda ba su da alaƙa da kayan. Kodak kalma ce da aka ƙirƙiro, ba ta da ma'ana a Turanci. Apple tuffa ce, ba abin da ya haɗa ta da kwamfuta. Ko a kasuwannin Arewa, tamburan da suka daɗe a bakin mutane irin su sabulu mai wani tsuntsu ko shinkafa mai wata dabba, hoton bai da haɗi da abin da ke cikin buhun, kuma wannan ne ƙarfinsa. Hausa na da kalmomi masu daɗin faɗa da ba a taɓa ba: sunayen tsuntsaye, itatuwa, taurari, kayan tarihi. Mai ruwan leda da ya zaɓi sunan wani tsuntsu ya fi wanda ya sa wa ruwansa "tsarkakakke" damar samun rajista.

Dokar ta kuma raba kundin gida biyu, Kashi na A da Kashi na B. Tambarin da bai kai ƙarfin shiga na A ba, amma yana iya bambanta kaya, ana iya karɓarsa a na B, duk da kariyarsa ba ta kai ta na A ba. Ga wanda ya riga ya yi nisa da sunansa, wannan ƙofa ce da ya kamata lauyansa ya duba kafin a haƙura.

Kamanceceniya da tambarin wani

Shinge na biyu shi ne sashe na 13, wanda ya hana rajistar tambarin da ya yi daidai, ko ya yi kama da wanda ke kundi a kan kaya iri ɗaya, har ya iya ruɗar mai saye. Dabarar canza harafi ɗaya ko biyu daga wani sanannen suna ba ta tsallake wannan shinge, kuma kotunan Najeriya sun daɗe da yanke hukunci a kai. A 1968 Kotun Ƙoli ta duba rikicin kamfanin Alban Pharmacy da na Sterling Products, inda ake son yi wa sunan Casorina rajista alhali akwai maganin Castoria a kundi. Kotun ta ce sunayen sun yi kama a ido da kunne ta yadda za a iya ruɗar masu saye, don haka ba a yarda da sabon ba.

Darasin ya fi shafar kasuwannin da yawancin ciniki da baki ake yi. Uwar da ta aiki yaro kanti da sunan magani ba rubuta masa take yi ba, faɗa masa take yi. Saboda haka bincike ba neman suna iri ɗaya kaɗai ba ne, har da neman waɗanda furucinsu ko siffarsu ta yi kusa. Kuɗin bincike kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin shigar da takardar da za a ƙi, balle kuɗin sake buga kwalaye. Ba a fafe gora ranar tafiya: bincike ya kamata ya zo kafin a je wurin mai zane da mai buga leda.

Sashe na 11 kuma ya hana tamburan da ke yaudara, ko suka saɓa wa doka da tarbiyya, ko masu tayar da hankali. Mai sanya hoton saniya da kalmar da ke nuna man shanu a kan abin da man gyaɗa ne zalla, ya jawo wa kansa. Haka mai ɗauko tambarin gwamnatin tarayya ya cusa cikin zanensa ba da izini ba.

Rukunin kaya da abin da aka rubuta

Kayan duniya da ayyuka an kasa su rukuni 45 a tsarin da ake kira na Nice: 1 zuwa 34 na kaya, 35 zuwa 45 na ayyuka. Nama da kilishi na rukuni na 29, yaji da gari na 30, ruwa da lemo na 32, turare da sabulu na 3, magunguna na 5, yadi na 24, tufafi na 25, gidan abinci na 43, shirya fim da nishaɗi na 41. A Najeriya kowane rukuni takardarsa daban, kuɗinsa daban. Wanda ya yi rajista a rukunin yaji bai kare sunansa a kan zoɓon kwalba ba. Mai atamfa a Kantin Kwari da ya fara ɗinka riguna da sunan shagonsa yana buƙatar rukuni biyu.

Tsawon shekaru ana ja-in-ja kan ko dokar 1965 ta shafi masu ayyuka, tunda kaya kawai ta ambata. Dokar Sauƙaƙa Harkokin Kasuwanci da aka sa wa hannu a watan Fabrairun 2023 ta gyara wannan, ta shigar da ayyuka a fili. Masu makarantu, gidajen abinci, kamfanonin sufuri da na fina-finan Kannywood yanzu suna da madogara a dokar kanta.

Abin da aka shigar kuma shi kaɗai ake karewa. A shari'ar Ferodo da Ibeto ta 2004, kamfanin Ferodo mai kayan birkin mota ya yi ƙorafin cewa kwalin Union Supa na kamfanin Ibeto ya kwaikwayi nasa mai launin ja da baƙi da fari. Kotun Ƙoli ba ta ba shi gaskiya ba, domin a ganinta sunan Ferodo ne tambarin, kuma launuka da adon kwali ba su zama mallakarsa shi kaɗai ba. Duk wanda zanen kwalinsa ne mutane suka fi gane shi da shi, to ya tattauna da lauya kan shigar da suna daban, zane daban.

Amfanin gwani da hatsarin ɗan kamasho

Wasu malaman shari'a biyu a Amurka, Deborah Gerhardt da Jon McClanahan, sun wallafa nazari a 2013 bayan bin diddigin miliyoyin takardun da aka kai ofishin rajistar tambura na ƙasar. Sun gano cewa takardun da lauyoyi suka shigar sun fi kaiwa gaci nesa ba kusa ba, musamman bayan jami'in dubawa ya kawo wata matsala, kuma gogewa na ƙara damar nasara. Tsarin Amurka daban yake da na Najeriya, amma dalilin ɗaya ne: gwani ya san abin da ake ƙi tun kafin ya shigar, ya kuma san yadda ake amsa wasiƙar ƙi.

Wasiƙar ƙi ba ƙarshen zance ba ce. Ana iya mayar da martani a rubuce, a nemi zama da magatakarda, a gyara jerin kayan, ko a ɗaukaka ƙara zuwa kotu. Haka idan wani ya ƙalubalanci tambari bayan an buga shi, mai nema na da wata 1 ya mayar da amsa daga ranar da sanarwar ta iso masa, in ba haka ba a ɗauka ya janye. Takardu masu kyau na mutuwa a nan saboda kawai ba wanda ke bibiya.

Sai dai ba duk mai cewa zai yi rajista ne gwani ba. Ɗan kasuwa ya tabbatar wakilinsa na cikin waɗanda ofishin ya amince da su, ya karɓi lambar takardarsa, ya kuma karanta sunan da aka rubuta a matsayin mai tambari. Idan sunan wakili, ko na abokin hulɗa, ko na mai zane aka sa, to a idon doka shi ne mai shi. 'Yan'uwa da abokan da suka haɗa jari su yanke shawara tun farko ko da sunan kamfani za a yi, domin rabuwa ko rabon gado kan mayar da wannan ƙaramar magana babbar rigima.

Iyaka ba ta tsallakuwa da takardar Abuja

Rajistar Najeriya a Najeriya kaɗai take aiki. Wannan ya shafi dubban 'yan kasuwar da kayansu ke fita ta Jibiya zuwa Maraɗi, ta Maigatari zuwa Damagaram, ko ta Gamboru zuwa Kamaru da Chadi. Waɗannan ƙasashe uku na cikin ƙungiyar OAPI mai ƙasashe 17 da hedikwata a Yawunde, wadda aka kafa bisa yarjejeniyar Bangui ta 1977. Takarda ɗaya a can na kare tambari a duka ƙasashen na tsawon shekara 10, ana kuma sabuntawa. Ta wannan ƙungiya ce Nijar ta samar wa kilishinta da albasar Galmi rajistar da ke danganta su da yankinsu. Najeriya ba ta cikin OAPI, ba ta kuma shiga tsarin Madrid da ke ba mutum damar neman kariya a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya ba. Mai sabulun da ya karɓu a kasuwar Maraɗi, idan bai je OAPI ba, wani na iya riga shi.

Nauyin da ke kan gwamnati

Ba duk laifin ke wuyan 'yan kasuwa ba. Lauyoyi sun daɗe suna kukan cewa Mujallar Tambura ba ta fitowa a kan kari, abin da ke sa takardar da aka riga aka amince da ita ta yi dogon zama tana jiran a buga ta. Tunda shekara 7 ɗin farko ana ƙirga su ne daga ranar shigar da takarda, duk jinkirin ofis daga lokacin mai tambari ake cire shi. Mutum na iya karɓar satifiket ya tarar lokacin sabuntawa ya kusa.

Ya kamata ma'aikatar ta tsayar da lokacin fitowar mujallar ta kuma kiyaye shi. Ya kamata kundin ya zama a buɗe a intanet yadda mai yaji a Gusau zai iya duba suna daga wayarsa kafin ya biya kowa. Ya kamata ofishin ya riƙa fitar da alƙaluma duk shekara: takardu nawa aka karɓa, nawa aka ƙi, bisa wane dalili, kuma wata nawa aka ɗauka. Da irin waɗannan alƙaluma ne jama'a za su auna aikin ofishin, masu nema kuma su san inda ake faɗuwa. Majalisar Tarayya kuma lokaci ya yi da za ta sauya dokar da aka rubuta tun kafin zuwan intanet, maimakon yi mata faci.

Hukumar SMEDAN, cibiyoyin ciniki irin su KACCIMA ta Kano, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na da rawar takawa. Bayani da Hausa a rediyo kan bambancin CAC da rajistar tambari zai kai inda takardun Turanci ba sa kaiwa. Ƙungiyar kasuwa na iya ɗaukar lauya ɗaya ya yi wa mambobinta aiki a kan farashi mai rangwame.

Ga ɗan kasuwa kuwa, jerin aikin a bayyane yake. Ya zaɓi sunan da ba ya bayyana kayan kuma bai yi kama da na kowa ba. Ya yi bincike kafin ya buga kwali. Ya shigar da wuri, a rukunin da ya dace, da sunansa ko na kamfaninsa. Ya adana rasit, hotuna da tallace-tallacen da ke nuna tun yaushe yake amfani da sunan. Ya bibiyi takardarsa har satifiket ya zo hannu. Bayan nan ya ci gaba da amfani da tambarin, domin wanda aka bari shekara 5 a jere ba a amfani da shi ana iya neman a goge shi daga kundi, ya kuma rubuta ranar sabuntawa a inda ba zai manta ba.